Ƙafar 'yata ta yi baka, kuma yatsunta ciki suke kallo

"Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta ɗaya da wata takwas. Tun tana wata goma sha ɗaya ta fara tafiya, amma har yau ƙafafunta sun yi baka, in ta tsaya kyanwa sai ta bi ta tsakanin gwiwoyinta. Ga shi kuma in tana tafiya yatsun ƙafarta ciki suke kallo, sai ta yi ta harɗewa tana faɗuwa. Kakarta ta ce yawan goyo ne da saurin tsayar da ita da muka yi, wai a kai ta wurin mai ɗori a riƙa ɗaure ƙafar da dare. Maƙwabciyata ta ce in riƙa sa mata takalmi a juye, na dama a hagu. Babanta kuma ya sayo maganin kalsiyam a kemis. Don Allah me zan yi? Ina tsoron kada ta girma a haka." Wata uwa daga Gusau.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Abu biyu kika haɗa a tambayarki, kuma gara mu raba su tun daga farko. Na ɗaya baka, wato in ta haɗa idon sawunta gwiwoyin ba sa haɗuwa. Na biyu murɗewa, wato tafin ƙafar ya juya ciki maimakon ya fuskanci gaba. A shekarun 'yarki sau da yawa tare suke zuwa, kuma a mafi yawan yara tare suke tafiya ba tare da an yi musu komai ba. Sai dai ban ga yarinyar ba, ban taɓa ƙashinta ba. Abin da zan iya daga nan shi ne in nuna miki abin da nake dubawa in an kawo mini irinta, don ki san ko naki na zuba ido ne ko na ɗaukar mayafi a nufi asibiti.

Yadda ƙafar yaro ke sauyawa

Jariri wata tara yake yi a dunƙule, ƙafafu a naɗe a kan ciki. Da wannan lanƙwasar ake haifar kowa, har da ni da ke. Ba a cika lura ba ne saboda yana kwance cikin zani, sai ranar da ya miƙe ya fara tatata sannan ido ya kai. Daga nan ƙafar takan yi ta miƙewa a hankali, tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ta daidaita. Ba ta tsayawa nan kuma. Wucewa take yi ta koma gwame, gwiwoyi na gugar juna, idon sawu a ware, abin ya fi fitowa a shekara uku zuwa huɗu. Wajen shekara bakwai sai ta zauna a yadda za ta kasance har girma. Wasu likitoci biyu a ƙasar Finlan suka auna wannan tafiya a hotunan ƙashin yara masu yawa, suka wallafa a 1975, kuma har gobe da ita muke gwada yaran da ake kawo mana. Nakan gaya wa iyaye wannan tun a zuwan farko, don na sha ganin uwar da na sallama a kan baka ta dawo bayan shekara biyu a firgice, wai yanzu kuma gwame ya kama yaron.

Saboda haka baka a wata ashirin bai isa ya hana ki barci ba. Abin tambaya shi ne ina ya dosa, raguwa yake yi ko ƙaruwa. Ido ba ya iya riƙe wannan, musamman idon uwa da ke ganin ɗanta kullum. Ki kwantar da ita rigingine, ki haɗa idon sawunta, ƙoƙon gwiwoyin na kallon sama, ki auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyin da tef ɗin tela. Ki rubuta da kwanan wata. Ki tsayar da ita jikin bango ba wando ba kunzugu ki ɗau hoto da waya. Bayan wata uku ki sake, a bango guda, daga nisa guda. Tazarar da ta haura santimita 6, ko wadda ke ƙaruwa, ko wadda ta ƙi motsi har yarinya ta cika shekara biyu, tana bukatar idon likita.

Daga ina murɗewar take

In an shigo mini da yaro ba na fara hawa da shi gado. Nakan sa a tuɓe masa wando, uwar ta koma can bakin ƙofa ta miƙo masa waya ko biskit, shi kuma ya taho. Gwiwa nake kallo kafin tafin ƙafa, domin murɗewar wuri uku take fitowa, kuma ƙoƙon gwiwa ne ke tona asirinta.

A jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, yawanci tafin ƙafar ne kansa ya lanƙwashe, gabansa ya karkata ciki kamar ƙwayar wake, dunduniya kuwa lafiya lau. In ana iya miƙar da shi da yatsa ba tare da tirjiya ba, kusan duka sukan gyaru da kansu. Wanda ya sandare ne ake sa wa filasta na 'yan makonni. Kada a haɗa wannan da ƙafar da ake haifar jariri da ita a murɗe gaba ɗaya, dunduniya a sama tafin na kallon ciki kuma ba ta miƙuwa. Waccan daban ce, takan sami kusan jariri ɗaya cikin dubu, ba ta gyaruwa da kanta, kuma tun makonnin farko ake fara mata filasta ana canzawa duk mako, hanyar da ake kira Ponseti.

A shekara ɗaya zuwa uku, inda 'yarki take, ƙashin ƙwauri ne ya fi zama sanadi. Gwiwa na kallon gaba sosai, amma ƙwaurin ya ɗan murɗe, sai ya tafi da tafin ƙafa ciki. Akwai wani abu da nake yi wa iyaye a gabansu. Yaro na tsaye ana ganin baka ƙiri-ƙiri, sai in kama ƙafafun in juya su har ƙoƙon gwiwoyin su fuskanci gaba daidai, nan take rabin bakan ya ɓace. Murɗewar ce ke sa yaro ya buɗe cinyoyinsa waje don ya daidaita sawunsa, shi ya sa bakan ke fin yadda yake a zahiri. Wannan irin yakan warware yayin da ƙwauri ke tsawo, galibi kafin shiga firamare.

Daga shekara uku zuwa sama kuma, musamman a 'yan mata, murɗewar daga cinya take. Nan gwiwoyin ma junansu suke kallo. Irin yaran nan ne za ki ga sun zauna ɗuwawu a ƙasa, ƙafafu a baje baya ta gefe da gefe, in an ce su tanƙwashe ƙafa irin zaman makarantar allo sai su ce da wuya. Kan ƙashin cinya na jariri yana karkace gaba da digiri 30 zuwa 40, a hankali yake saukowa zuwa wajen 15 na babba, shi ya sa wannan ya fi daɗewa, har shekara takwas zuwa goma. Aikin tiyata a kan murɗewa abu ne da ba kasafai ake kaiwa gare shi ba, kuma ba a ma zancensa sai yaro ya wuce waɗannan shekarun yana fama.

Faɗuwar da take yi kuwa, rabi murɗewa ce rabi ƙuruciya. Duk ɗan wata ashirin faɗuwa yake yi, kuma abin ya fi yawa da yamma in ya gaji.

Goyo, takalmi da ɗauri

A gaya wa Kaka da ladabi cewa goyo ba shi da laifi. Yadda ake ware cinyoyin jariri a bayan uwa ma taimakon mahaɗar ƙugu yake yi, yana zaunar da kan ƙashin cinya cikin gurbinsa. Inda aka fi samun gocewar ƙugu shi ne wuraren da ake naɗe jarirai tamau ƙafafu a miƙe. Kunzugu ma ba ya lanƙwasa ƙashi, buɗa tafiya kawai yake yi muddin yana jiki. Riƙe jariri ya yi tsalle a cinya shi ma bai taɓa sa wa lafiyayyen ƙashi baka ba.

Takalmi a juye ba ya komai sai kanta da ƙarin faɗuwa. Haka takalma masu tsada da ake cewa na gyaran ƙafa ne, da ƙarafan da ake ɗaura wa yara da dare saboda murɗewa. An gwada su shekara da shekaru a asibitocin Turai da Amurka, aka ga yaran da aka sa wa da waɗanda aka bari duk lokaci guda suke miƙewa. Ki bar ta ta yi yawo ba takalmi a tsakar gida in wurin da tsabta.

Ɗaurin ne ba na wasa da shi. Na san hujjar manya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a tarbiyya. Amma ƙashi yana can cikin tsoka, tsumma ko kara ba za su kai gare shi ba sai sun fara matse jijiyoyin jini da ke bisa hanya. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara biyu da aka kwana uku ana ɗaure masa ƙwauri da karare, yatsun sun kumbura sun yi sanyi, fata ta saɓule a wuri biyu. Allah ya sa an kwance da wuri ƙafar ta tsira. Mun fi wata muna wankin gyambo, bakan da aka ɗaure dominsa kuwa ya miƙe da kansa a shekarar da ta biyo. Kada a ɗaure, kada a yi gashi da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko sakiya.

Abin da ya sa a ƙasarmu ba na saurin cewa a je gida

Littattafan da muka karanta a makarantar likitanci yawancinsu cewa suke a kwantar wa uwa da hankali a sallame ta. A nan arewa ba na sallama sai na kama wuyan hannun yaro, saboda ciwon laushin ƙashi, wanda muke kira rikets, yana nan da yawa a tsakaninmu. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsi inda tsawo ke fitowa, kuma sai kalsiyam da sinadarin fosfet sun zauna a kansa yake ƙanƙara ya zama ƙashi. In babu su sai wurin ya yi ta faɗi yana laushi, nauyin jiki ya lanƙwasa shi. Wanda ciwon ya kama yana shekarun baka sai bakan ya tsananta. Wanda ya kama yana shekarun gwame sai gwamen ya wuce misali. Wani ma ƙafa ɗaya baka ɗaya gwame, kamar iska ta kaɗa su gefe guda.

An daɗe ana ɗauka ciwon ƙasashen sanyi ne, tunda rashin bitamin D ke kawo shi, bitamin D kuwa fata ke yin sa in rana ta taɓa ta. To me zai kawo shi inda rana ke dukan mutum tun hantsi? Amsar daga Jos ta fito. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka bi yara 123 masu wannan ciwo, suka raba su uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Sakamakon da aka wallafa a 1999 ya nuna kusan shida cikin goma na waɗanda suka sami kalsiyam sun kai ma'aunin warkewa, a masu bitamin D kaɗai kuwa kusan biyu cikin goma. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne, alhali yaron da ya wuce shekara ɗaya yana son fiye da 500, kuma ƙasa da 300 an shiga haɗari.

In kika dubi kwanon yaro bayan yaye za ki gane dalili. Koko da safe, tuwon masara da rana, kunu da dare. Hatsi ba shi da kalsiyam sosai, kuma akwai wani sinadari a dusarsa da ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotsa. Nonon uwa ya tsaya, na shanu bai maye gurbinsa ba. Abin takaici har a garuruwan da ake wucewa da ƙwaryar nono ta ƙofar gida kowace safiya, manya ake dama wa fura, yaro a ba shi ruwa-ruwan. Rashin bitamin D ɗin ma ba a rasa shi, musamman a jariran da ba a fitar da su tsakar gida, da waɗanda iyayensu mata ba sa samun rana a jikinsu tun suna da ciki. Shi ya sa yanzu duka biyun muke haɗawa.

Alamominsa ba sa ɓuya ga wanda ya san inda zai taɓa. Wuyan hannu ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. A ƙirji, inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, za ki ji ƙulli-ƙulli a jere kamar 'ya'yan carbi. Goshi ya turo, maɗiga ta ƙi rufewa bayan shekara ɗaya da rabi, haƙora su yi jinkiri. Yaron yakan makara wajen tafiya, ko ya fara ya daina, ya fi son zama, ya yi kuka in an tsayar da shi, kuma ya fi sa'o'insa gajarta. Cewa 'yarki ta tashi a wata goma sha ɗaya tana ta yawonta ya ɗan kwantar mini da hankali ta wannan fuskar, amma ki duba hannun da ƙirjin yau.

Tabbatar da shi ba wuya: hoton ƙashin wuyan hannu da gwiwa, da gwajin jini. Magani kalsiyam ne da bitamin D na aƙalla wata uku, sau da yawa har shida, gwargwadon shekarun yaro. In an kama shi da wuri, ƙashin kan ƙanƙara cikin watanni, ƙafar kuma ta yi ta miƙewa da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu, har ma wadda ta ba kowa tsoro da farko. Ba a yi wa ƙashi aiki yana cikin laushi. In kuwa an sha magani yadda ya kamata ba a ga canji ba, ko akwai gajarta da baka a dangi, sai a nemi irin na gado wanda ƙoda ke zubar da fosfet, ko ciwon ƙodar kanta. Waɗannan maganinsu daban ne.

Game da kwalbar da babanta ya sayo, niyyarsa mai kyau ce, amma a ajiye tukuna. Yawancin ruwan maganin da ake sayarwa da sunan kalsiyam abin da ke cikin cokali ɗaya bai kai na magani ba, in ciwon ne ba zai warkar ba, in ba shi ba ne an yi asarar kuɗi. Bitamin D kuma in ya yi yawa yana da illa ga ƙoda. Abinci ne ba ya bukatar takardar likita. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da sama da miligiram 200. Ga cuku ga mutanenmu na Nijar, ga miyar kuka da zogale, ga riɗi, ga ƙananan busassun kifi a daka su da ƙayarsu a barbaɗa a abinci. A Jos ɗin ma an gwada garin kifi da ƙashinsa a kan yara masu ciwon, kuma ya yi aiki. Nonon dai a tabbata an tafasa shi kafin a kafa.

Cutar Blount da sauran abin da ke sa a gaggauta

Akwai wani baka da ba na laushin ƙashi ba, ana kiransa da sunan likitan Amurka Walter Blount da ya yi bayaninsa a 1937. A nan gefen ciki na guringuntsin da ke saman ƙwauri ne ke danne, ya rage tsiro, gefen waje kuwa ya ci gaba, sai ƙafar ta karye kwana daga ƙasan gwiwa kai tsaye maimakon ta yi lanƙwasa mai laushi tun daga cinya. Ya fi kama yara masu ƙiba da suka yi saurin tafiya, kuma ya fi yawa a baƙar fata. In yaron ya taka za ki ga gwiwar ta yi wani tsalle waje. Kafin shekara biyu yana da wuya a bambanta shi da bakan ƙuruciya ko a hoto, abin da ya sa nake dagewa a kan awo duk wata uku. Ba ki faɗi jikin 'yarki ba. In ɓulɓul ce, ga kuma tafiyar wuri, to kada a wuce cikarta shekara biyu ba a ɗau hoto ba matuƙar bakan bai ragu ba. Wannan ciwon lokaci yake ci. A ƙasa da shekara uku akan gwada takalmin ƙarfe na musamman, nan kam yana da gurbi. In bai yi ba, aikin da aka yi kafin shekara huɗu ya fi wanda aka jinkirta kyan sakamako nesa ba kusa ba. Wani lokaci ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai ƙusa biyu ake ɗaurawa a gefe guda na guringuntsin, ya riƙe shi har ɗaya gefen ya kamo, sannan a cire. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna ganin irin waɗannan yaran.

Sauran abubuwan da ba a jira da su gajeru ne. Ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe ko ta murɗe. Ɗingishi, ciwo, kumburi ko zazzaɓi, musamman ga mai sikila. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko siranta. Tafiya a kan yatsu da sandarewar jiki a yaron da ya sha wuya wajen haihuwa, ko bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, domin nan matsalar daga ƙwaƙwalwa take. Ƙafar da ta saki farat ɗaya kuwa a kai rahoto asibiti a ranar, ko da yake tun Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka, har yanzu ana bin sawun duk irin wannan.

In babu ko ɗaya daga cikinsu, ƙafafun biyu iri ɗaya ne, wuyan hannu siriri, tana ci tana wasa tana girma, to ki auna yau, ki ƙara nono da kifi a kwanonta, ki sake awo bayan wata uku. Lokacin tana gab da shekara biyu. In tazarar ta ragu, ki ci gaba da awo har ta rufe. In tana nan ko ta ƙaru, ki je wurin likitan yara da takardar awon, da hotunan biyu, da katin rigakafinta mai nauyinta a ciki, da kwalbar maganin nan don a ga abin da ke rubuce a jikinta. In da hali ki tafi da Kaka, a juya gwiwoyin a gabanta ta gani da idonta.